Ku Zauna, Don Allah Ku Zauna

Ƙanena da ke ci-rani a Legas ya turo mini bidiyon wasu samari a Tarkwa Bay, kowa tsaye kan wani allo kamar ƙyauren ɗaki, igiyar teku na wurgi da su, su kuwa sai ihun murna. Ya rubuta a ƙasa wai mu 'yan Birnin Gwari ba mu san wasa da ruwa ba. Na ce masa ya zo gida a watan Agusta, lokacin da kogin Mariga ya cika ya batse, ya shiga kwale-kwale ɗaya da mutum goma sha biyu, buhun masara uku, babur da akuya mai ciki. In ya sauka sai mu yi maganar. Su can kuɗi suke biya don su jiƙe. Mu nan biya muke yi don kada mu jiƙe, kuma ba kullum ake cika mana alkawari ba.

Mai fito ba ni da ta cewa a kansa. Dattijo ne da gwangwalarsa da filafilinsa, kuma duk damina magana ɗaya ce a bakinsa: "Ku zauna." Abin da ke hana kwale-kwale zaman lafiya yana cikin kwale-kwalen.

Akwai mai gaisuwa. Ana tsakiyar kogi zai hango surukinsa a ƙetare, sai ya ga rashin ladabi ne ya gaishe shi a zaune. Ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu, ya tambayi gajiya, iyali, ruwan jiya da jikin tsohuwa, mu kuwa muna lilo kamar an goya mu. Akwai mai babur, wanda ake ɗora masa babur ɗin a ciki, shi kuma ya haye ya zauna a kai, har da damƙe birki. Har yau ban gane abin da yake shirin tsayarwa ba. Akwai kuma ɗan waya, da ya leƙa rabin jikinsa waje don hoton ɗauki-kanka, ranar da wayar ta yi nutso ya nemi mai fito ya juya a nemo ta.

Iya mai addu'a kam ba na taɓa ta. Tun daga gaɓa take farawa, ba ta numfasawa sai ƙafarta ta taka tudu, kuma duk tsawon tafiyar farcenta na cikin gwiwar wanda ke kusa da ita. "Ɗan nan, yi haƙuri," in ji ta, ta ƙara matsewa. Samari na yi mata dariya a fili, amma ka lura da kyau, kowa kusa da ita yake neman zama.

Sai wanda ya fi ba ni wuya, amma in bai zo ba nakan ji mashigin ya yi shiru: Sarkin Ruwan Tudu. Daga nesa za ka gane shi. Babbar riga ta sha sitaci, takalmi a hannu, yana tafe yana kallon kogin kamar mai bin sa bashi. Kafin ya shiga sai ya tsoma yatsa ɗaya, ya girgiza kai, ya ce, "Wannan ai ba ruwa ba ne. Ku da ba ku je Argungu ba."

Ya je Argungu sau ɗaya. Shekarar ce ba ta tsaya wuri ɗaya ba, wani lokaci zamanin Shagari, wani lokaci zamanin Obasanjo. In labari ya yi masa daɗi har yakan gangara 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin aka shirya masa bikin su, ya ba ka shi dalla-dalla kamar shi ya riƙe wa sarki linzami. Zai kwatanta maka yadda Kabawa ke kifa ciki kan gora a kogin Matan Fada, homa a hannu biyu, suna tuƙi da ƙafa. Ba da baki kaɗai zai kwatanta ba. Sai ya buɗe hannuwa, ya tura ciki gaba, ya harba ƙafa baya, kwale-kwale ya kwanta gefe ɗaya, ruwa ya ɗan leƙo ya gaishe mu. Mai fito ya ce, "Alhaji, a zauna." Ya ce, "Ai a zaune nake, Kawu, jikina ne ya tuna."

Daga nan sai ya karɓi tuƙin, da baki. "Karkata hagu. A'a, ka yi yawa. Bi ta inuwar waccan ɗorawar." Mutumin da yake koya wa aikin ya fara fito tun shi Alhajin yana rarrafe. Duk kututturen da ruwa ya kwaso daga dajin Kamuku, a wurinsa kada ne, amma kada kowa ya damu, yana da laƙani. Ya taɓa ratsa madatsar Bagoma da iyo, zuwa da dawowa, da azumi a bakinsa. Shaidu? Allah Ya yi musu rasuwa. In ruwa ya taru a ƙasan jirgi aka miƙo ƙwarya a kwarfe, nan take ciwon bayansa ke tashi, sai ya miƙa wa yaron kusa da shi tare da bayanin yadda ake riƙe ƙwarya a Kabi.

Wata rana gindin jirgin ya gogi dutse. Gugar ba ta kai a ce wani abu ba. Sarkin Ruwan Tudu ya saki salati da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba, ya watsar da takalmansa, ya rungume akuyar mutane da hannu biyu. Akuya na kuka, shi yana kuka. Da muka isa gaɓa ya gyara hula, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce gwada mu yake yi, kuma gaskiya Iya ce kaɗai ta ci. Sannan ya nemi ragin kuɗin fito, tunda shi ɗan gida ne a sana'ar.

Mai "babu canji" ba ya buƙatar dogon bayani. Sai an sauka yake zaro sabuwar dubu ɗaya. Ɗan uwansa shi ne mai labarin mutuwa, wanda ke jira a kai inda ya fi zurfi sannan ya nuna da leɓe ya ce daidai nan ne bara.

Duk waɗannan ina iya hawa da su har ƙarshen duniya. Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai "akwai wuri". Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, jama'a sun dawo hanya, ranar kasuwa mashigi cike yake, shi kuwa a nan yake kiwo. Jirgi ya cika har bakinsa ya kusa shan ruwa, an ɗaga gwangwala, sai ga shi da gudu: "Kawu, mutum ɗaya ne fa." Ba mutum ɗaya ba ne, akwai buhu a bayansa. In aka ƙi, ya ɗauko kunya ya jefi mai fito da ita, ya tuna masa zumunci, ya tuna masa waye ubansa. In ka ce jirgin ba zai ɗauka ba, ya ce in kwana bai ƙare ba ba abin da zai faru. Wannan mutumin kwaɗo biyu yake sa wa shagonsa, ya dawo ya jijjiga su, amma rayukan mutane ya bar wa ƙaddara. Ka miƙa masa rigar ruwa, ya ce shi ba yaro ba ne. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Warrah ta jihar Kebbi ya tsage ɗauke da mutum fiye da 150. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, a Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu a madatsar Watari, yawancinsu yaran Islamiyya da ke hanyar Mauludi. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na ta nanata dokar rigar ruwa da hana lodi fiye da kima, amma a bakin gaɓa ba hukuma ke yanke hukunci ba, wani mai babbar murya ne da yake ganin sammakonsa ya fi numfashin kowa. Irinsa ko amsa sallamarsa da ƙyar nake yi.

Akwai na ƙarshe, mai zama a tsakiya, biro a aljihu, yana kallon kowa ta wutsiyar ido yana murmushin wanda ya fi kowa hankali. Bai iya iyo ba, ko a kududdufi. Kusa da Iya yake zama kullum, wai don girmama manya.

Makon jiya ya makara. Ya iso mashigi yana haki, jirgi cike, gwangwala a sama, hadari ya haɗo daga gabas. Kafin ya ankara ya ji bakinsa na cewa, "Kawu, mutum ɗaya ne fa." Dattijon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, a zauna," ya tura jirginsa. Na koma gindin ɗorawa na zauna. Wani mai babbar riga ya matso, takalmi a hannu, ya dubi kogin ya girgiza kai, ya tambaye ni ko na taɓa zuwa Argungu.