Zuwa ga Bawana Bafulatani, Sabon Ɗan Kirifto

Jauro, bawan Barebari, labari ya iso mu har Yerwa cewa ka kai bijimi kara za ka sayar, wai Bitcoin za ka saya. Kai da kuɗin nono ma sai ka ƙirga ka sake ƙirgawa kafin su shiga lalita! To, tunda haƙƙin bawa yana wuyan ubangidansa, gyara zama ka saurara.

Mayar da bijimin ruga. Ba dole sai ka sayi guda cur ba, ana gutsura shi har kashi miliyan 100, kuɗin ɗan akuya ya isa gwaji. Shi ma wanda in ya salwanta ba za ka tara mana jama'a da kuka ba, don a Nuwamban 2021 Bitcoin ɗaya ya kai wajen dala 69,000, shekara na zagayowa ya rikito ƙasa da 17,000. In ta P2P za ka saya, wato daga hannun wani mutum ta cikin manhaja, kada mai sayarwa ya ja ka WhatsApp. Ku ƙare ciniki cikin manhajar, ita ke riƙe kayan har kuɗinka su isa gare shi.

Ajiyar ce ke hana ni barci, don na san wautarka. Barin kirifto a hannun kamfanin hada-hada tamkar ba wani kiwon shanunka ne: naka ne a baki, amma sandar tana hannunsa. Kamfanin FTX ya durƙushe a Nuwamban 2022 da dukiyar mutane, mai shi Sam Bankman-Fried kuma aka ɗaure shi shekara 25 a Amurka. A nan gida, waɗanda suka zuba kuɗi a CBEX don an ce za a ninka musu sun kwashi kashinsu a hannu a Afrilun 2025.

Saboda haka buɗe walet naka na kanka. Zai ba ka kalmomi 12, wani 24, su ne dukiyar gaba ɗaya. Wayarka ta faɗa rijiya, da su za ka dawo da komai a sabuwa. Wani ya gan su, ya kwashe daga inda yake zaune, babu bankin da zai maido maka ko sisi. Rubuta su a takarda a jere yadda suka zo, ka yi kwafi biyu, ka ɓoye wuri daban-daban. Ban da ɗaukar hotonsu, ban da ba yaron shagon caji ya "saita maka". Duk wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne yana neman su, ɓarawo ne, ko da Fulatanci ya gaishe ka.

In kuwa ta fashe, ka san al'ada: abin da bawa ya samu na ubangidansa ne. Aiko da rabona a naira, kalmomin kuma ko ni kada ka nuna wa.