Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jitar Bas

Zuwa ga Hajiya Bas mai tsirkiya huɗu,
Bayan ƙofar ɗakina, Jos.

Da fatan kin huce gajiyar daren Asabar. Ni dai tawa ba ta sake ni ba, don har yanzu kafaɗata ta hagu tana ƙorafin kilo huɗun da kika ɗora mata awa uku cur. Bayan haka, akwai magana tsakaninmu, kuma gara a yi ta gaban shaidu.

Wata bakwai ke nan da na sayo ki a gwanjo. Ba zan ɓoye miki ba, raini ne ya kai ni. Na ga jita mai tsirkiya shida, na ga ke huɗu, na ce ga banza ta faɗi. Marigayi Ɗan Maraya da tsirkiya ɗaya tal a kuntiginsa ya yi suna har ƙasashen waje, to ni mai huɗu fa? Ashe ruwa ba sa'an kwando ba ne. Tsirkiyarki ta sama ta fi wayar birkin keke kauri. Mako guda yatsuna biyu suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Inna kuwa kullum sai ta leƙo ta ce, "Wai shi wannan abin naka ba ya waƙa ne? Sai gurnani kamar janareta ya ƙi tashi!"

Na binciki asalinki, ko da halin naki na gado ne. Kakarki wani Ba'amurke ne, Leo Fender, ya ƙera ta a Kalifoniya a 1951, domin masu tsohuwar bas ta katako, wadda ta kai tsayin mutum, ganguna da ƙahoni suna danne su, ba a jin su. Shekara saba'in da ɗoriya, cutar ba ta bar gidanku ba. Amonki mafi zurfi sau 41 kawai yake kaɗawa a daƙiƙa, sifikar waya ba ta iya ɗaukarsa. Ranar da na naɗi kiɗana na farko na tura wa abokai ta WhatsApp, ɗaya ya amsa da cewa, "Malam, ka turo mana shiru."

Da ogan ƙungiyarmu ya ce ni zan riƙe ki a dinar bikin daren Asabar ɗin nan, sai na kwana ina kallon bidiyon Richard Bona ɗan Kamaru, yatsu suna gudu kamar ana tsinkar zogale. Na je gwaji na fara burga. Oga ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya ce, "Kai yaro, Family Man da ya riƙe wa Bob Marley bas, sanin inda zai yi shiru ne ya ɗaukaka shi. Ran biki kada ka kalli amarya, kada ka kalli kuɗi. Ka kalli ƙafar dama ta mai ganga. Inda ta sauka, nan za ka sauka."

Daren ya zo. Na rubuta jerin waƙoƙi a bayan kwalin taliya na manna jikin amfilifaya. Aka ajiye mu ni da ke can bayan sifika, kusa da kulolin shinkafa. Tafin hannuna sai zufa yake, kina zamewa kamar tarwaɗa. Waƙar farko na kama ta a gurbin da ba nata ba, muka yi nisa kafin na gane. Ban da mai ganga, da ya watso min harara, babu wanda ya lura. Na ji sanyi, sai kuma na ji haushi: ashe ko na yi daidai ma haka za a yi. Mawaƙi yana nutso cikin liƙi, mai fiyano yana shan tafi, ni kuwa mai hoto ne kaɗai ya yi min magana, ya ce in matsa ina tare masa kek.

Can wajen ƙarfe tara, fili ya cika, ƙawayen uwar amarya sun shigo da sababbin kuɗi. Wata mai takalmi mai tsini ta taho da rangwaɗa, ta kwashi wayarki ta fizge. Kika yi tsit. Hajiya, da idona na gani. Ganga tana bugawa, fiyano yana yi, mawaƙi bai rufe baki ba, amma rawar ta zube kamar an zare wa rumfa ginshiƙi. Hannuwa suka tsaya a sama da kuɗi. Wata ta ce, "An ɗauke wuta ne?" alhali ga fitilu tar. A karo na farko duk zauren ya waiwayo ya dube ni, ina rarrafe ƙarƙashin tebur ina laluben waya. Na soka ta, sifika ta yi ƙara, na jira ƙafar mai ganga, muka sauka tare. Sai guɗa!

Da aka tashi, wata tsohuwa ta ratso har bayan sifika, ta kwance bakin zane, ta manna min naira 200 a goshi. Ta ce, "Ɗan nan, ashe kai ne daddawar miyar. Allah ya yi albarka."

Saboda haka na janye ƙarar da na zo da ita, amma da sharaɗi. Ni zan sayi sabuwar waya, in riƙa zagayo da ita ta cikin maɗaurin kafaɗa kafin in soka, kamar yadda oga ya sha faɗa min ina kunnen ƙashi. Ke kuma ki daina saki da an shiga zafi, kina sa ni murɗa kunnuwanki a tsakiyar waƙa.

Batun naira 200 kuwa, raba daidai ne: ɗari taki, ɗari tawa. Taki na ranta na cika kuɗin Keke Napep da ya dawo da mu. Ki bi ni bashi zuwa Asabar mai zuwa, akwai wani bikin a Bukuru.

Naki mai kanta a yatsu,
Ɗan Bayan Sifika