Yadda Na Saci Insha'in Da Ni Na Rubuta

Malaminmu na Turanci a makarantar kwana, wani Bature ɗan ƙasar Sikotlan wanda muka laƙaba wa suna Mai Lofe saboda ba a raba bakinsa da lofe ko da babu wuta a ciki, yana da wata aƙida da yake maimaita mana safe da maraice, cewa duk wanda ya karanta Shakisfiya da natsuwa ya gama sanin halin ɗan Adam, ba ya bukatar yawon duniya ko zaman zauren alƙali don ya ƙaro wani abu. Mu kuwa, da yake yawancinmu daga makarantar allo aka kwaso mu, wasu ma har sun taɓa Ahalari da Ishmawi a gaban iyayensu, mun riga mun san kowane babban littafi yana da muhtasari, kuma mai hankali ba ya wahalar da kansa da matani alhali ga taƙaitawa a kusa. Muhtasarinmu shi ne littafin da Charles Lamb da 'yar'uwarsa Mary suka wallafa a 1807, inda suka mai da wasanni 20 na Shakisfiya labarai cikin zube mai sauƙi domin yara. Guda ɗaya tak ne a laburaren makaranta, bangonsa ya ɓalle, gefen takardunsa ya yi baƙi don shan hannu. Da shi ajin da ke gabanmu suka haye, da shi kuma muka ƙudura niyyar hayewa.

Ana nan, sai a shekarar da muka shiga aji huɗu aka yanka mana wasan Yuliyas Kaisar. Muka yi rige-rige zuwa laburare, aka buɗe Lamb daga farko zuwa ƙarshe, wani mai taurin kai ya sake bi daga ƙarshe zuwa farko, babu Kaisar babu dalilinsa, domin ashe marubutan nan biyu ba su taɓa wasannin tarihin Rum ba, haka nan na sarakunan Ingila. Aji ya yi jugum. Ni ma da cikin masu jugum zan ƙare, ba don Allah ya ƙaddara zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗakin marasa lafiya ba, inda babu abin karantawa sai littafin wasan Kaisar da rubutun da ke jikin kwalbar magani. Da na haddace na kwalbar, lalura ta sa na koma wa Shakisfiya, na bi shi baiti baiti, har da muƙaddima da hashiyar da mai sharhi ya yi a ƙasan kowane shafi.

Abin kuwa ya kama ni. Kisan Kaisar a majalisa, ranar 15 ga Maris, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, bai dame ni ƙwarai ba, gama tarihin kowace ƙasa cike yake da fadawan da suka ci amanar ubangidansu. Abin da ya hana ni barci shi ne wanda ya biyo baya a dandali. Burutus ya hau mumbari ya yi wa jama'a bayani cikin zube, hujja bisa hujja, cewa ƙaunar Rum ce ta sa shi kashe masoyinsa, suka gamsu har wani ya ce a naɗa shi Kaisar, wato ainihin abin da aka zub da jini don a hana. Yana ba da baya Antoni, aminin Kaisar, ya hau, shi kuma cikin waƙe, yana ta yabon mutuncin Burutus har yabon ya koma zagi, ya ɗaga alkyabbar mamaci yana nuna hujin wuƙaƙe da sunayen masu su, sa'an nan ya karanta wasiyya, wadda a cikinta Kaisar ya bar wa kowane ɗan gari dirhami 75. Mutanen da ɗazu suke sa wa Burutus albarka suka ɗebi wuta suka nufi gidansa. A hanya suka gamu da wani mawaƙi, Sinna, wanda laifinsa kurum sunansa ya zo ɗaya da na wani cikin masu maƙarƙashiyar. Yana ta rantsuwa shi mawaƙi ne, suka ce to ai munin waƙoƙinsa ma ya isa dalili, suka ja shi. Na rufe littafi ina jinjina wautar mutanen Rum, ina kuma gode wa Allah da ya halicce ni cikin masu hankali.

Da na warke na koma aji, sai na tarar ni kaɗai na san abin da littafin ya ƙunsa, daidai kuwa lokacin da Mai Lofe ya ba da insha'i a kan ɗabi'ar taron jama'a kamar yadda wasan ya bayyana ta. Tun kafin magariba aka fara sallama a bakin gadona. Na ba kaina fatawa cewa karɓar lada a kan rubutu halal ne, tun da masu rubuta wasiƙa a ƙofar kotu da gidan waya da shi suke ci da iyalinsu, ban kuwa tsananta bincike cikin mas'alar ba don kada in ci karo da ƙaulin da zai hana. Shafi ɗaya taro, in da manyan kalmomi sisi. Wanda ba shi da kuɗi ya biya da ƙwayar sukari, ko ƙuli-ƙuli, ko ya yi mini wanki ranar Asabar.

A nan na fahimci wani sirri na rubutu wanda ba a karantar da shi a aji. Tsara magana mai daɗi kowane mai ɗan nahawu yana iyawa. Wuyar tana ga rubuta wa mutum abin da za a yarda daga kansa ya fito. Tilas na zauna na yi nazarin abokan cinikina ɗaya ɗaya: wanda ba ya sa aya sai numfashinsa ya ƙare, da wanda ya haddace wata doguwar kalma guda yana cusa ta ko'ina, da wanda yake fara kowace magana da ba da haƙuri, da mai girman kan da ba ya iya kawo ra'ayi sai ya fara rushe na wani. Kowannensu sai in ari muryarsa, sa'an nan in barbaɗa masa kurakurai kamar yadda mai tsire ke barbaɗa yaji, kada ya yi yawa a ƙi, kada ya yi kaɗan a yi zargi. Har yau ina ganin aikin da na fi nuna gwaninta a kansa shi ne wanda na yi wa wani daƙiƙi na can bayan aji, wanda ya sami uku bisa goma, malam ya rubuta masa a ƙasa cewa ya yi ƙoƙari. Bashi ya karɓa, ya ce zai kawo taron idan an yi masa aike daga gida.

Musibar ta zo ne ta hannun ɗan wani attajirin fatu, wanda muke kira Dogo. Ya aje mini sule guda cur a kan akwati, da sharaɗin kada in sa masa kuskure ko ɗaya. Na yi masa nasiha cewa mutumin da jiya bai iya haɗa jimla biyu ba, in ya wayi gari da balaga, za a tambaye shi inda ya kwana. Ya ce, "Malam ƙarami, ubana ba ya sayen fata mai huji." Kwaɗayi ya rinjayi hankali. Na zuba masa duk abin da na tara a ɗakin jinya, na kawo Burutus na kawo Antoni, na auna zube da waƙe, na rufe da Sinna, har ni kaina da na maimaita karantawa sai da na ji ƙwalla. Nawa kuwa ban tuna da shi ba sai bayan sallar asuba ta ranar miƙawa, lokacin kai ya bushe, ido ya yi nauyi, na tattaro ɓurɓushin abin da na iya tunawa daga na Dogo na rattaba, na miƙa.

Ranar da aka mayar da takardu, Mai Lofe ya tsaya gaban allo ya karanta insha'in Dogo daga farko har ƙarshe da murya mai rawa, ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai ga ɗalibin da ya gane Shakisfiya haka ba. Aka yi tafi, ni ma na yi, ina murmushi a ɓoye. Sa'an nan ya ɗaga wata takarda da yatsu biyu, ya kira sunana, ya ce ga kuma wanda ya leƙa littafin ɗan'uwansa ya yi sata, satar ma bai iya ba, ya kwaso lafazi ya bar ma'ana. Na miƙe tsaye, gaba kura baya sayaki. In na faɗi gaskiya na tona babban laifi wanda hukuncinsa kora ne, na kuma ja rabin aji tare da ni. In na yi shiru na zama ɓarawon kayana. Na tuna ƙa'idar malamai ta ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu, na sunkuyar da kai.

Abin da ya fi ba ni al'ajabi shi ne Dogo. Na zaci zai riƙa kauce wa idona don kunya, sai ga shi da la'asar a gindin darbejiya, yara sun kewaye shi, yana yi musu sharhin abin da yake nufi a sakin layi na uku. Da ya hango ni ya yafito ni, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Kada ka damu, ɗan'uwa, na yafe maka. Nan gaba in abu ya shige maka duhu, ka tambaye ni." Na ja shi gefe na tuna masa da sulen. Ya dube ni da tausayi na haƙiƙa, ya ce, "Ai alƙalami kawai ka riƙe. Wa ya ce maka a rubuta a kan jama'a, ba ni ba?" Wallahi ba ƙarya yake yi ba a zuciyarsa, yabon yini ɗaya ya isa ya goge masa abin da ya faru da dare, ya kuwa yi imani da sabuwar riwayar fiye da yadda na yi imani da tsohuwar.

Mai Lofe, da yake mutum ne mai son wasan kwaikwayo, ya ce ba zai yanke hukunci shi kaɗai ba, a yi irin na dandalin Rum, in kare kaina gaban aji, Dogo ya ba da amsa, jama'a su raba gardama. Sai na sami kaina ina kare laifin da ban yi ba domin in rufe wanda na yi. Na hau benci na kawo isnadi daga muƙaddimar littafin: Shakisfiya, wanda ya rubuta wasan nan wajen 1599, ya ɗauko labarin ne daga Thomas North, wanda ya fitar da tarjamarsa a 1579, shi kuma daga Jacques Amyot na Faransa, shi kuma daga Fulutak Bayunane, na ƙara da cewa Alhaji Abubakar Imam ma ya ɗebo daga Alfu Laila da wasunsa ya gina Magana Jari Ce, ba wanda ya ce da shi ɓarawo. Na ce ilmi gado ne, na baya yana karɓa daga na gaba. Aji ya kaure da sowa, ana cewa gaskiya ne, wani har ya ce ni ya kamata a ba shugabancin ƙungiyar muhawara.

Dogo ya miƙe ya nemi izinin yin magana da Hausa, wadda a sauran ranaku tara ake ci a kanta, aka ba shi. Ya ce shi ba ya riƙe ni da komai, ni ɗan malamai ne, ɗan mutunci, kowa ya san ni ɗan mutunci ne. Ya ɗaga littafin rubutunsa ya nuna wani ɗigon man ƙuli-ƙuli a gefen shafi, ya tambaya cikin sanyin murya wa yake cin ƙuli a ɗakinmu kwanan nan dare da rana. (Man kuwa nawa ne, ba musu, ya ɗiga ne ina cikin yi masa aiki.) Daga nan ya ce abin da ya fi ɓata masa rai shi ne mahaifinsa ya aiko da ƙunshin kilishi wanda ya yi niyyar raba wa aji don murnar wannan nasara, amma tun da jama'a sun ce sata ba laifi ba ce, ya ga babu sauran abin murna. Kafin in sauko daga benci an yi ijma'i a kaina. Waɗanda suka fi ɗaga murya kuwa su ne abokan cinikina, domin kowannensu ya lissafa cewa mutumin da aka riga aka tabbatar ɓarawo ne, ko ya buɗe baki gobe ba mai karɓar shaidarsa.

Aka yanke mini yankan ciyawa da langalanga a bayan ɗakin cin abinci har ƙarshen mako, wannan kam da sauƙi. Babban azabar ta zo ne da wasan ƙarshen zango, inda aka ba Dogo Antoni, aka ba ni Sinna mawaƙi, mai 'yan kalmomi kaɗan da duka mai yawa. Kullum aka zo gwaji sai an maimaita fitowata, don Mai Lofe ya ce nan ne kaɗai 'yan wasa suke sa zuciya cikin aikinsu. Ni dai hukuncina shi ne Baturen nan ya san komai tun ranar farko, domin da ya tashi zaɓen 'yan zanga-zangar da za su yayyaga ni, abokan cinikina ya tsamo ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara kowa ba bai rage kowa ba.

Dogo ya faɗi jarrabawar adabi warwas, ya ce masu dubawa ne suka yi masa hassada, ya koma kasuwancin fatu ya yi arziki, ina kuwa jin labari har yanzu yakan gaya wa jikokinsa yadda ya sa Bature rawar murya da alƙalaminsa. Da shi babu bashi tsakaninmu, ya biya lakadan. Amma mutumin nan na bayan aji, in Allah ya sa wannan takarda ta faɗa hannunsa, ina sanar da shi cewa tun canjin kuɗi na 1973 taro ya koma kwabo biyu da rabi, ban kuwa yafe ba, ya aiko.