Masu Cike Gurbin Ƙwarewa

A kowace takardar CV akwai fili ɗaya da ke sa wanda ya gama digiri gumi, wato inda ake jera wuraren da aka taɓa yin aiki. Sanarwa ta ce ana neman mai ƙwarewar shekara 5, shi kuwa yaro watan jiya ya tuɓe kakin bautar ƙasa. Ka zauna a bencin shagon kwamfuta da ke bakin kowace jami'a, za ka ga yadda kowa ke fama da filin nan gwargwadon halinsa.

Akwai Sarkin Kumbura. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas ya yi yana tsare wa kawunsa shagon POS. A takarda ya zama "Babban Jami'in Hada-hadar Kuɗi da Hulɗa da Jama'a". Aikin sanin makama na SIWES, inda ya yi wata shida yana sayo wa ma'aikata ƙosai da zuba wa janareta mai, ya koma "kula da kayan aiki da walwalar ma'aikata". Ban cika ganin laifinsa ba, don bai yi ƙarya tsagwaronta ba. Gaskiyar ce ya sa wa babbar riga da rawani. Ranar ganawa ce matsalarsa, idan aka ce ma'aikata nawa ne a ƙarƙashinsa, alhali shi da na'ura ne kawai a cikin laima.

Sai Malam Kwafe, mai cewa abokinsa, "Don Allah turo min naka in ɗan duba tsari." Ya canza suna a sama, ya bar lambar wayar abokin a ƙasa. Abubuwan sha'awarsa: ninƙaya, karatu da tafiye-tafiye. Mutumin da ko a kududdufin unguwa bai taɓa wuce gwiwa ba, tafiyarsa mafi nisa kuma ita ce wadda NYSC ta tilasta masa.

Na uku Marubucin Tarihi, shafi bakwai. Ya faro daga firamare, inda ya yi monita a aji huɗu. Ya sa gunduma, ƙaramar hukuma, tsawonsa, rukunin jininsa, da shaidar halartar wani taron yini guda da aka raba lemo. Mai shago yana ƙaunarsa, tunda da shafi ake biya. Adireshin imel ɗinsa kuwa tun na sakandare ne, mai "ɗan gayu" da lambobi a jiki.

Wadda ke ba ni haushi ita ce Hajiya Kawaici. Shekara huɗu tana koyarwa a islamiyyar unguwarsu. Ita ke riƙe lissafin ɗinkin mahaifiyarta, ta san wa ya biya, wa ake bi, kuma ita ke tallar kayan a WhatsApp. A zaɓen 2023 ta yi aikin wucin gadi da INEC, ta riƙe rumfa guda da na'urar BVAS har dare, tsakanin wakilan jam'iyyu masu kumfar baki. Mai shago ya ce, "Hajiya, me za a sa a ƙwarewa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai ban taɓa aiki ba." Da Sarkin Kumbura ne ya samu rabin wannan, da yanzu yana neman kujerar darakta.

Na ƙarshe ba ya ma zama a benci. Yana tsaye a ƙofa, makullin mota a yatsa, ya ce a buga masa ko wane iri ne, shafi ɗaya ya isa.

"Ranka ya daɗe, ƙwarewar fa?"

"Bar wurin haka. Baffa ya ce in kai masa kafin azahar, kawai don a samu abin sawa a fayil."