Masu Hawan Dutsen Musa da Tsakar Dare

Wajen ƙarfe ɗaya na dare motoci daga Dahab da Sharm el-Sheikh ke juye mutane a gindin Jabal Musa, a kudancin Sina'i ta ƙasar Masar, dutsen da Musulmi da Kirista da dama suka ɗauka nan ne Allah Ya yi magana da Annabi Musa (AS). Tsayinsa mita 2,285. Burin kowa gari ya waye masa a ƙololuwa, sai dai hawan kusan awa uku cikin duhu ba ya barin mutum da halin aro.

Ɗan garaje ne kan fara tona kansa. Tun ba a wuce katangar gidan sufayen Santa Katarina ba, wanda aka gina a ƙarni na 6 zamanin Sarki Justiniyan, ya riga ya tsere wa jagora, tocila ɗaure a goshi, duk wanda ya waiwaya ya gaisar sai ya kashe masa ido. Za ka tarar da shi a rumfar shayi ta uku, zaune yana haki, wai taurari ya tsaya kallo.

Sai gwanin ciniki, wanda ya fi kowa ba ni nishaɗi. A ƙasa an yi masa tayin raƙumi, ya ji kuɗin, ya riƙe baki, ya ce da ƙafarsa Allah Ya halicce shi. Mai raƙumin bai yi musu ba. Jan akala kawai ya yi, ya bi shi a baya sannu a hankali, don shi gwiwa yake karantawa, ba baki ba. Bayan awa guda gwanin ya juya da murya ƙasa-ƙasa, ya ce tunda an ci rabin hanya ai sai rabin kuɗi. Ina! Haka ya biya, ya haye yana ƙanƙame da sirdi, yana salati duk lokacin da dabbar ta bi ta bakin rami. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne raƙumi ba ya kaiwa sama. Inda matakala 750 na ƙarshe suka fara, nan ake durƙusar da shi, a ce bismillah, sauka.

Akwai wanda ya ji an ce Masar, ya ce ai sahara ce, ya zo da 'yar shara da silifas. Dutsen nan kuwa da hunturu har ƙanƙara kan sauka a kansa. Shi ne za ka gani can sama ƙudundune cikin bargon haya mai warin raƙumi, kamar jinjirin da aka yi wa wankan asuba.

Malamin hanya ya karanta komai kafin ya zo. Ya san akwai wata hanyar mai matakala 3,750, wadda ake cewa wani sufi ne ya shimfiɗa don neman gafara. Ya san Jabal Katarina da ke kusa ya fi wannan tsawo, mita 2,629. Ba wanda ya tambaye shi. Karatun kan yanke da kansa a matakala ta ɗari.

"Ɗan'uwa, saura nawa?" Wannan ita ce sana'ar wani tun daga ƙasa. Jagoran, Balaraben ƙabilar Jabaliya da ke hawa dutsen nan kusan kullum, amsarsa ɗaya: minti biyar.

Ita ko tsohuwar da kowa ya wuce yana yi wa sannu da baba, sandarta kawai da carbi, ba ta zauna ko sau ɗaya ba. Ita ta samu wurin zama mafi kyau.

A sama akwai ɗan masallaci da 'yar majami'a kusa da juna. Ana salla nan, ana waƙoƙin yabo can, masu waya sun bai wa gabas baya suna neman fuskarsu. Da rana ta ɓullo duwatsun suka yi jawur, aka ɗau sowa, ban da mutum ɗaya. Shi ne wanda ya iso da wuri, ya yi hayar katifa da bargo biyu, ya ce bari ya ɗan miƙe baya. Ƙarfe bakwai mai bargo ya tashe shi ya karɓi kayansa. A hanyar sauka kuwa, duk ayarin babu wanda ya kai shi iya ba da labarin yadda ranar ta fito.