Yadda Za Ka Kai Hubbare da Ƙafa Biyu, Ka Komo da Su Biyu

Sa'ad da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, ƙafa da kofato aka yanka wa lungunan tsohon gari: mutum, doki, jaki, raƙumi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817 bai taɓa jin ham ɗin babur ba. Yau shekara 200 da ɗoriya, lungu bai ƙaru da ko taki ɗaya ba, amma an ƙaro masa kabu-kabu da Keke Napep da kurar mai ruwa. Mai tafiya ƙasa, wanda shi ne ɗan gida, ya koma agola. To ɗan'uwa, in za ka Hubbare, wurin da Shehu ke kwance, ga dabarun zaman agolanci.

1. Duba ko'ina. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, shi ya sa ake cewa dubi hagu, dubi dama, sake duban hagu. Da alama labarin bai iso wa wasu 'yan kabu-kabu ba tukuna. Saboda haka ƙara da duban baya. In kana kusa da indararo, dubi sama.

2. Koyi yaren ham. Ham ɗaya tambaya ce: "Malam, za ka tahi?" Biyu, kauce. Dogo marar yankewa, birki ya yi yaji. Mafi haɗari shi ne shiru. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wasu kan kashe inji a gangare, su sulalo kamar maciji. Sai dai ka ji "Hanya!" a bayan kunnenka, lokacin ma ka riga ka zama hanyar.

3. Kai gaisuwa dakali. Basakkwace ba ya gaisuwar rowa: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, yaya zafi. Madalla. Amma in ka hango kawunka, ja shi gindin bango kafin ka durƙusa. Mai Keke Napep ba ya cikin zumuntarku, ba kuma zai jira a kai ga "sai godiya" ba.

4. Tattare babbar riga. Hannun riga da kan babur masoyan juna ne, da sun haɗu sai su tafi tare, da kai a ciki. Hajiya, ke ma kama bakin hijabi.

5. Waya ta zauna aljihu. WhatsApp zai jira ka. Kwata ba ta jira, ba ta kuma sallama.

6. Ranar Juma'a, kada ka riga liman fita. Wajen tafiya Masallacin Shehu ko na Bello kowa salihi ne, tafiya a natse, tabarma a hammata. Da an sallame, jama'a ta tuna da tuwon rana gaba ɗaya, daga nan har Kanwuri babur na shinshinar babur. Zauna ka ƙara addu'a ta minti goma. Ga lada, ga ƙafa.

7. Kada inuwa ta yaudare ka. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, kowa na kokawar 'yar inuwar jikin bango: kai, akuya, mai rake, da babur. Bar wa babur. Gumi ya fi ɗori sauƙi.

8. Da dare, a gan ka. Sa farar riga, riƙe tocila, bi gefen hagu don ka fuskanci abin da ke tahowa. Da hunturu, in hazo ya sauka, ɗauka ba wanda ya gan ka, domin gaskiyar ke nan.

9. Yaro a wuyan hannu. Kada ka ba shi yatsa, zai zame. Sa shi ta jikin bango, kai ka tsaya ta wajen titi.

In ka isa ƙofar Hubbare, cire takalmi, sassauta murya, ka yi wa Shehu da 'yarsa Nana Asma'u addu'a. Sannan ka tuna rabin aiki ka yi, akwai komawa. Wurin da Shehu ke kwance ka zo ziyara, kada ka kwana a asibitin koyarwar da aka sa wa sunansa.