Magaji Ya Shigo Birni

An yi wani hakimi a ƙasar Sakkwato, sarautarsa Magaji. Garinsa ba shi da nisa ƙwarai da birni, in mota ta tashi da hantsi kafin azahar ta iso. Mutanensa gero da dawa suke nomawa, da rani su sauka fadama su yi albasa. Wata shekara sai baƙi suka riƙa zuwa, suna ɗibar tsakuwa a 'yan jakunkuna, suna kafa turaku masu jan fenti a gefen gonaki. Da aka tambayi ɗan rakiyarsu, ya ce awo ne kawai, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Bayan damina biyu ɗan rakiyar ya dawo shi kaɗai, ya yi ƙiba, ya canza mota. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce wani kamfanin ƙasar waje ya sami lasisi daga Abuja, abin da ya rage kawai sa hannun mai gari. Za a haƙa rijiyar burtsatse, za a gina aji biyu, samari za su sami aikin gadi, shi kuma Magaji ba za a manta da shi ba. An kama masa ɗaki a otal cikin birni, ranar Alhamis a yi komai a gama.

Ran Laraba Magaji ya taso, daga shi sai direba. Bai gaya wa liman ba, bai gaya wa sarkin noma ba. Da la'asar ya biya gaida kawunsa a wani lungu kusa da Tashar Illela. Kawun nan tsohon direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai albasa kudu, yana kai goro da atamfa Nijar, yanzu ido ya yi rauni sai rediyo. Aka gaisa, aka sha fura, Magaji ya kwance masa bakin jaka.

"Madalla," in ji Kawu. "Arziki ya biyo mutum har gida, wa zai kore shi? Zauna, magariba da saura. Na taɓa ba ka labarin kakanka a Bukuru?"

"A'a, Kawu."

"Cin rani ya kai shi, aikin kuza. Yana can aka yi yaƙin Hitila. Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, sai a 1942 gwamna ya ce a ɗebo mutane ala tilas daga lardunan Arewa. Kakanka ya ce ya ga ƙarti da taguwa ɗai-ɗai, mutanen ƙasar zafi, an jibge su cikin sanyin dutse, in gari ya waye a ɗauki na ɗauka a kai makwanci. Sai 1944 aka daina. Ƙasar kuwa ta Birom ce, nan suke noman accarsu, kamfanonin Ingila suka shiga da takarda suka birkice ta. Ni na bi ta can da mota bayan kasuwar kuza ta faɗi a 1985. Turawa babu, ciniki babu, sai ramuka cike da ruwa tun daga Bukuru har Barikin Ladi, suna cin yara, suna cin shanu. Na tambayi wani tsoho wa ya kamata ya cike su. Ya ce wanda ya haƙa. Na ce ina yake? Ya nuna mini sama, inda jirgi ke bi."

Magaji ya yi murmushi. "Wannan ai zamanin mulkin mallaka ne, Kawu. Yanzu ƙasa a hannunmu take."

"Gaskiyarka. To na Arlit ai bayan 'yanci aka yi shi, kuma shi da idona na gani. Ka fita nan Illela, ka shiga Ƙonni, ka wuce Tawa da Abalak da Agadas, sai Arlit. Kwaltar ma don yuraniyom aka shimfiɗa ta. Makiyayar Buzaye ce kafin Faransawa su fara haƙa a Somair a 1971, su ƙara da Cominak a Akokan a 1978. Na iske gari biyu cikin ɗaya. Ga unguwar ma'aikata da famfo da lantarki da asibiti, ga kuma bukkokin sauran jama'a inda mu direbobi ke kwana. Ƙarafan da suka fito daga wurin aiki a kasuwa ake sayar da su, maƙera su yi tukunya, su yi ƙyaure. Daga baya masu bincike suka zo da na'ura, a 2003 da kuma 2009, na'urar ta riƙa kuka a kan wasu ƙarafan, har da kan titi a Akokan. Dutsen nan shi ya riƙa haska biranen Faransa, Yamai kuwa da wutar da ake ja daga Birnin Kebbi take gani."

Ya tsaya ya gyara zama. "Ran 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe, aka ce dutsen ya ƙare. Abin da ta bari tsibin dusar ma'adini ne mai guba, an ƙiyasta shi tan miliyan 20, a inda iskar hamada ba ta hutawa. Kamfanin ya ce zai lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu, aikin shekaru. Na ji a rediyo a 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe Somair. Ta karɓe, har da ramin."

Magaji ba yaro ba ne, shi ma da tasa hujjar. "Kawu, in kamfani bai haƙa ba, yaran gari za su haƙa. Ka manta Bagega da Dareta a 2010? Yara fiye da 400 gubar dalma ta kashe a Zamfara, don ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, inda ake niƙa hatsi. Gara masu na'ura da ilimi. Ga Kalambaina nan bayanmu, tun 1967 ake toya siminti, mutum nawa ke ci a ƙarƙashinta?"

"Ban musa ba, Magaji. Ka ji na ce kar a haƙa? Ni labari kawai nake ba ka. Wagga takarda tana tare da kai? Idona ba ya gani, amma akwai mai gani a gidan."

Ya kira jikarsa, wadda ke karatun lauya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ta durƙusa ta gaida Magaji, ta karɓi takardar, ta karanta a hankali har ƙarshe. Kawu ya ce ta faɗa musu da Hausa.

"Baba, an rubuta cewa duk masu gonaki da masu kiwo a wurin an sanar da su, kuma sun amince."

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Ashe har an yi taro. Gonar wa da wa ke ciki?"

"Ba sunan gona ko ɗaya, Kaka. Lambobi ne kawai irin na taswira."

"Rijiya fa, da aji biyu?"

Ta sake dubawa. "Babu su."

"A baki muka yi wannan," in ji Magaji. "Mutanen kirki ne."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce in Baba ya yarda akwai abin da aka koya musu. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, wannan ba gardama. Amma dokar nan ita ta ce sai an nemi yardar mai gona, sai an biya shi diyyar abin da aka ɓata masa, sai kamfani ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da jama'ar gari kan abin da zai yi musu kafin ya fara aiki, a kuma riƙa sake duba ta duk shekara biyar. Ta ce har gyaran ƙasa bayan an gama haƙa dokar ta ɗora wa mai haƙa. Sai dai in mai gari ya riga ya shaida cewa kowa ya amince, to talaka ya rasa bakin magana, don an riga an yi magana da bakinsa.

"Karatun zamani ke nan," in ji Kawu, "yaro ya fi ka sanin gonarka. Tashi ki ba mu wuri." Da ta fita ya juyo. "Tambaya ɗaya ta rage mini, Magaji, ita ma ta tsufa ce. Maƙabartar gabas, inda 'yar'uwata ke kwance, cikin lambobin take ko waje?"

Magaji ya dubi takardar, ya juya bayanta, ya ce zai tambaya. Aka kira magariba. Da suka idar ya miƙe, ya ce lalle ya ji labarai masu ban tausayi, Allah ya kyauta, mutanen Bukuru da na Arlit ba su yi dacen shugabanni masu wayo ba. Ya tura wata ambulan ƙarƙashin tabarma, ya ce a sayi goro, ya yi sallama.

Ran Alhamis aka sa hannu, aka ɗauki hoto, aka ci kaji. Ran Asabar sarkin noma na zaune gindin bedi da jama'arsa suka ji a rediyo cewa al'ummar garinsu sun yi maraba da masu zuba jari. Suka dubi juna, kowa na zaton ɗan'uwansa ne aka tambaya.

Ran Lahadi wani yaron mota ya iso ƙofar fada da ambulan, ko buɗe ta ba a yi ba. Ya ce Kawu na gaisuwa, ya ce a gaya wa Magaji haƙoransa sun daina cin goro, ya ajiye wannan ya zama farkon kuɗin cikon rami.

Masu ba da labarin ba su faɗi sunan garin ba, ni ma ban ga dalilin nema ba. Ƙasar Sakkwato da faɗi take, akwai dutsen siminti, akwai na takin zamani a wajen Dange da Shuni, masu awo kuma ba su gama yawo ba. Sa hannu ma ba a fada kaɗai ake yin sa ba, akwai na ofis mai sanyi, akwai na majalisa. Wanda bai taɓa amincewa da sunan mutanen da bai tambaya ba, ya karanta ya yi dariyarsa. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.